Shagon da ke Kula da Mai Kaji Shida: Sharhi Kan Sayen 'Yan Tsakin da Aka Riga Aka Rena

Galibin shagunan kayan kaji da ke Zariya an tsara su ne domin masu gidajen gona, waɗanda ke sayen 'yan tsaki kwali-kwali da abinci buhu-buhu. Magidancin da ke son kaji biyar ko shida a bayan ɗakinsa, domin yara su samu abin kulawa kuma gida ya riƙa samun ƙwai, yakan shiga irin waɗannan shaguna ya fito hannu rabbana, saboda kwalin 'yan tsakin kwana ɗaya guda 50 ne, buhun abinci kilo 25 ne, kwalbar rigakafi kuwa an yi ta ne domin ɗaruruwan kaji. Shagon da nake sharhi a kansa yana yankin Samaru, kuma ya gina kasuwancinsa ne a kan masu ƙaramin ƙarfi: yana sayen 'yan tsaki kwali-kwali, ya rene su na mako huɗu zuwa biyar, sannan ya sayar da su ɗaya-ɗaya, tare da abinci a kan awo da kuma rigakafi na haɗin gwiwa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai yabo da suka a cikin abin da zan faɗa, kuma irin wannan tsari ana samunsa a garuruwa da dama, ta yadda bayanin zai amfani wanda bai taɓa taka Samaru ba.

Kajin da suka fi sayarwa su ne Noiler, irin da kamfanin Amo Farm Sieberer Hatchery da ke Awe a Jihar Oyo ya samar, masu launi iri-iri kamar kajin gida, amma sun fi su girman jiki da saurin tasowa. An samar da su ne domin nama da ƙwai a lokaci guda, kuma suna iya kiwo a tsakar gida su tsinci abin da suka samu. Na tambayi mai shagon ko yana kawo Shika Brown, wato kazar ƙwai da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar, tunda cibiyar tana kusa da mu. Ya ce masu sayensa sun fi neman kaza mai jiki, wadda za a ci ƙwanta a kuma yanka ta idan baƙo ya zo ko sallah ta ƙarato. Wanda burinsa ƙwai ne kawai zai fi dacewa da kajin ƙwai zalla, amma ga gidan da ke son kaza mai juriya da natsuwa, wadda yara za su iya ɗauka ba tare da ta firgita ba, zaɓin shagon ya yi daidai.

Babban dalilin da ya sa nake ganin wannan hidima ta dace da mai ƙaramin aljihu shi ne makonnin farko na rayuwar ɗan tsako, domin a nan ne asara take. Ɗan tsakon da ba shi da uwa yana buƙatar ɗumi na kusan digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos a makon farko, a riƙa rage kusan digiri uku a kowane mako har gashinsa ya rufe jikinsa. Wannan yana nufin kurfoti da gawayi ko fitila dare da rana, da mutumin da zai tashi cikin dare ya duba ko sun cure wuri guda saboda sanyi, ko sun watse zuwa gefe suna haki saboda zafi. Gawayin da za a ƙona domin tsako shida bai bambanta sosai da wanda za a ƙona domin tsako hamsin ba, saboda haka mai kaji kaɗan shi ne ya fi kowa biyan kuɗin ɗumi a kan kowane kai. Ga kuma haɗarin hayaƙi a ɗakin da aka toshe, da haɗarin gobara idan garwashi ya faɗa kan dusar katako. A cikin waɗannan makonni ne kuma ake ba da rigakafin farko na cututtukan kaji biyu, Gumboro da Newcastle. Ɗan tsakon da ya kai mako huɗu ya wuce mafi yawan wannan matsi, kuma ko da yake kuɗinsa ya fi na ɗan kwana ɗaya nesa ba kusa ba, idan aka lissafa gawayi da abincin 'yan tsaki da rigakafi da waɗanda za su mutu a hannun wanda bai saba ba, za a ga cewa tsadar tasa ta fi arahar wancan sauƙi.

Ɗakin renon nasu yana bayan shagon, kuma ba sa barin mai saye ya shiga. Yaron shago ne ke fito da tsakin a kwando, mutum ya zaɓa daga bakin ƙofa. Wasu masu saye suna jin haushin haka, ni kuwa ina ganinsa a matsayin alamar sun san aikinsu, domin cutar kaji tana bin takalmi da hannu da tufafi, kuma wanda ya biyo ta kasuwar kaji kafin ya iso shagon zai iya shigo musu da abin da zai share ɗakin gaba ɗaya. Tsakin da aka fito mini da su idanunsu a buɗe suke tarwai, ƙafafunsu a miƙe, babu kashi manne a bayansu, kuma da aka zuba abinci suka rufar masa. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata mai saye ya duba, ya kuma saurari numfashinsu ko zai ji gurnani ko atishawa.

Abin da ya fi komai daraja a shagon, a ganina, shi ne ranar rigakafi. Annobar Newcastle ita ce ke kashe kajin gida fiye da kowace cuta a ƙasar nan, musamman da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji ya san yadda take zuwa: kaza ta yi jugum, fukafukai a sake, kashi kore-kore, wuya ya murɗe, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama fanko. Ƙwayar cutar bairos ce, saboda haka ba ta jin kafso, ba ta jin jiƙon maɗaci ko barkono ko gautan kura da iyayenmu ke zuba wa kaji a ruwa. Rigakafi ne kaɗai ke tare ta. Matsalar ita ce kwalbar Lasota, wato wani nau'in rigakafin Newcastle, tana ɗauke da abin da zai ishi ɗaruruwan kaji, wasu na ƙasashen waje har dubu, dole a adana ta cikin sanyi na digiri 2 zuwa 8, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa sai a yi amfani da ita cikin sa'a biyu, abin da ya rage a zubar. Mai kaji shida ba zai sayi wannan kwalba ba, kuma ko ya saya, ba lalle ne yana da firjin da wuta ba ta ɗaukewa ba.

Maganin da shagon ya samo shi ne ya sa rana, ya sanar da masu sayensa ta WhatsApp, sannan ma'aikacinsu ya ɗauki kwalba ɗaya cikin kula mai ƙanƙara ya zagaya gidajen da ke unguwa ɗaya a kan babur, kowa ya biya gwargwadon yawan kajinsa. Yakan yi amfani da rigakafin Newcastle na I-2 da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ke sarrafawa, cibiyar da tarihinta ya faro tun 1924. Masana a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostireliya ne suka samar da wannan nau'i domin kajin karkara, kuma fifikonsa shi ne ya fi sauran jure zafi, ana kuma ba da shi ta hanyar ɗiga digo ɗaya a idon kaza. Ɗigawa a ido ta fi zubawa a ruwan sha tabbas, domin an san kowace kaza ta samu rabonta, kuma an kauce wa ruwan famfo mai sinadarin kulorin da ke kashe ƙarfin rigakafi. Ana maimaita shi duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma shagon yana ƙoƙarin ganin ɗaya daga cikin zagayen ya faɗo kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa. Na lura ma'aikacin yana wanke hannu ya kuma fesa wa takalminsa magani kafin ya shiga gida, yana kuma ƙin taɓa kajin da suka riga suka kamu, domin rigakafi ba ya warkar da mai ciwo, kuma taɓa su zai sa ya kai cutar gida na gaba. Ko da shagon ba ya yin komai sai wannan, da ya cancanci a neme shi.

Sai dai a nan ne kuma kuskurensu na farko yake. Ba sa ba mai saye takardar da ke nuna rigakafin da aka yi wa tsakin kafin a sayar da su. Da na tambaya, mai shagon ya lissafa mini da baki cewa an yi Gumboro sau biyu an yi Lasota, ya ce in kwantar da hankalina. Ban ga dalilin ƙaryata shi ba, amma magana ba ta maye gurbin rubutu, domin ranar da aka yi na ƙarshe ita ke nuna ranar da za a yi na gaba, kuma idan kaza ta kamu da ciwo, abu na farko da likita zai tambaya ke nan. Akwai kuma rigakafin ƙurajen kaji da ake yi ta hanyar soka allura a fatar fiffike, yawanci tsakanin mako shida zuwa takwas, wanda ke faɗowa bayan tsakin sun bar shagon, kuma babu wanda ya ambata mini shi sai da na tayar da maganar. Sauro na daga cikin masu yaɗa wannan cuta, saboda haka duk wanda ya sayi tsaki da damina kada ya yi sakaci da ita. 'Yar takarda mai layi biyar da aka rubuta da biro za ta magance wannan duka, kuma ba za ta ci musu ko sisi ba.

Batun abinci yana da fuska biyu. Suna buɗe buhunan sanannun kamfanoni, irin su Vital Feed da Chikun da Top Feeds, su sayar a kan kilo, wanda hakan sauƙi ne ga wanda ba zai iya fitar da kuɗin buhu a lokaci guda ba. Amma lissafi yana nuna cewa awo ya dace ne da makonnin farko kawai. Babbar kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 120 a rana, kaji shida ke nan suna cin giram 720, buhu mai kilo 25 kuma zai kai su kusan kwana 35. Tunda buhun zai ƙare cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki, kafin ya tsufa, sayensa gaba ɗaya ya fi araha, ko kuma maƙwabta biyu su haɗa kuɗi su raba. Abincin awo kuwa, ban da ribar da ake ɗorawa a kan kowane kilo, yana zama a buɗe a cikin shago, kuma na ga buhu a ajiye a kan siminti babu katako a ƙarƙashinsa. Da rani wannan ba zai yi illa sosai ba, amma a watan Agusta laima tana shiga, abincin ya dunƙule ya yi fumfuna, kuma gubar da fumfuna ke fitarwa tana lalata hantar kaza, tana rage ƙwai, tana kuma raunana amfanin rigakafin da aka sha wahalar yi. Mai saye ya cusa hannu cikin buhun ya shinshina kafin a auna masa, ya kuma nemi ganin ranar da aka sarrafa shi a jikin takardar buhun.

Mai shagon ya yi mini gaskiya a kan wani abu da masu sayarwa da yawa ke ɓoyewa, wato cewa dusa da sauran tuwo kaɗai ba za su sa Noiler ta yi ƙwai yadda ake so ba. Kazar gida takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar ta kwanta, a shekara kuma da wuya ta wuce 60, saboda haka abin da ta tsinta yana isarta. Kazar da aka inganta tana ninka wannan, kuma jikinta yana neman sinadarin gina jiki da na ƙashi daidai da abin da take fitarwa. Shawararsa ita ce a riƙe abincin kamfani a matsayin ginshiƙi, a ƙara da abin da gida ke da shi: dusar masara ko ta gero, ɗan garin ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, ganyen zogale, ragowar kayan miya, da gara idan an samu, sannan a busar da ɓawon ƙwai a daka shi a mayar musu idan sun fara saka. Daga mako huɗu zuwa lokacin fara ƙwai, wanda ke zuwa bayan sun kai kusan wata biyar, kaji shida za su ci buhu biyu ko fiye ba tare da sun mayar da ko ƙwai ɗaya ba. Wannan shi ne ainihin kuɗin kiwon, kuma duk wanda ya zuba abin da ke hannunsa duka wajen sayen tsakin zai tsinci kansa cikin matsi a wata na uku.

Kuskurensu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne yadda yaran shagon ke tura wa mai saye magunguna. Da zarar ka biya kuɗin tsaki sai a jero maka ƙunshin bitamin da na kashe ƙwayoyin cuta, a ce ka riƙa zubawa a ruwa lokaci-lokaci ko da babu ciwo. Bitamin na kwana biyu ko uku bayan an sauya musu wuri yana da amfani, haka ma maganin tsutsar ciki idan sun fara kiwo a ƙasa. Amma ba wa lafiyayyar kaza maganin kashe ƙwayoyin cuta ɓarnar kuɗi ce, kuma ɓarnar ba ta tsaya a aljihu ba, domin maganin yana fita a cikin ƙwai da nama, yara su ci, ƙwayoyin cuta kuma su saba da shi har ya daina aiki. Kowane irin wannan magani yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikinsa da za a jira kafin a ci ƙwai ko nama, kuma ban ji wani a shagon ya faɗa wa mai saye haka ba. Wanda kazarsa ta kamu da ciwo a Samaru yana da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a kusa, inda za a iya duba ta, ko a buɗe wadda ta mutu a gano musabbabin. Idan kuwa kaji suka fara mutuwa farat ɗaya da yawa, zankonsu ya yi shuɗi, kai ya kumbura, to a daina taɓa su a sanar da jami'an lafiyar dabbobi, domin ba a manta ba cewa a Jaji, a kan hanyar Zariya zuwa Kaduna, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a shekarar 2006.

Mazuban abinci da ruwa na roba da suke sayarwa masu kyau ne, amma ba dole ba ne. Mazubin ruwa guda ɗaya ya cancanci kuɗinsa, saboda yana hana kaji taka ruwan da ƙafa, kuma a zafin Maris da Afrilu ruwa mai tsabta a inuwa shi ne abin da ya fi tsare rayukansu. Mazubin abinci kuwa ana iya yanka tsohuwar jarka a rataye ta daidai tsayin bayan kaza. Kejin waya da suke da shi ya yi ƙanƙanta ga kaji shida idan sun girma, kuma ramukan wayar suna da faɗin da ɓera zai shige. Akurki na ƙasa ko na ragowar katako da kwano, mai faɗin kusan murabba'in mita biyu, da tagar waya mai ƙananan ramuka, da sanda ta hawa, da ƙofar da ke rufuwa ruf da dare saboda muzuru da gafiya, ya fi shi amfani kuma ya fi shi araha. A shimfiɗa buntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa, a ajiye kaskon toka da yashi domin su yi birgima su rage ƙuma da ƙwarƙwata. Tsakin mako huɗu har yanzu abincin shirwa ne, saboda haka kada a sake su a fili babu rumfa sai sun ƙara girma, kuma idan an saye su da hunturu a rufe tagar da buhu da dare.

Akwai wani al'amari da ya shafi masu kiwo domin sha'awa musamman. A mako huɗu ba a cika bambance zakara da kaza da tabbaci ba. Yaron shagon yana duba girman zanko da kaurin ƙafa, yana dacewa a mafi yawan lokuta, amma mai shagon ba ya ba da tabbaci, kuma ba ya karɓar canji bayan tsako ya kwana a wani gida. Wannan ƙa'ida daidai ce, domin mayar da kaza cikin ɗakin reno buɗe ƙofa ce ga cuta. Abin da hakan ke nufi shi ne wanda ya sayi shida yana iya samun zakaru biyu ko uku a ciki, alhali zakara ɗaya ya ishi kaji goma, kuma kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Zakarun da suka yi yawa za su riƙa faɗa, suna wahalar da matan, suna cin abincin da aka yi wa lissafi. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma yaron da ya yi wata huɗu yana ba ta ruwa da hannunsa bai san wannan ba, kuma ya kamata iyaye su gaya masa tun ranar farko waɗanne ne za su zauna, waɗanne ne za a sayar ko a yanka. Haka kuma Noiler ba ta cika kwanciya a kan ƙwai ba. Wanda ke son yaransa su ga ƙyanƙyasa sai ya nemi kazar gida guda ɗaya, ya killace ta ita kaɗai na mako biyu kafin ya haɗa ta da sauran, sannan ya sa mata ƙwan idan ta kwanta, bayan kwana 21 ta fito da su ta kuma rene su ba tare da gawayi ba.

Ina ba da shawarar shagon ga wanda ke farawa da kaji biyar zuwa goma, da sharaɗin ya rubuta ranakun rigakafin da kansa a gaban mai shagon, ya sa lambarsa cikin jerin masu zagayen rigakafi tun ranar da ya saya, ya kuma ƙi karɓar maganin da likita bai rubuta ba. Wanda ke nufin kiwon kaji hamsin zuwa sama ba ya buƙatarsu, domin a wannan adadin sayen kwali da reno da kansa ya fi masa riba. Tsakin nasu suna ƙarewa da wuri a watannin da ke gaban sallah, lokacin da masu kiwo domin sayarwa ke kwashe su, kuma farashi yana tashi tare da buƙata. Mai kiwon gida wanda ba ya tseren wata kasuwa zai fi samun sauƙi idan ya ba da oda bayan sallah ta wuce, ya kuma tabbatar ya gama akurkinsa ya ajiye kuɗin buhu biyu kafin ya je ɗauko su.